TSATTSEWA A RUFIN MASALLACI: A KAKKAƁE SHEƘAR KO A ƘYALE TA?



Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki, muna salati ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ƴan uwa, darasinmu na wannan mako a kan wata ƴar tsuntsuwa ne da kowannenmu yake gani kullum amma ba kowa ya taɓa tsayawa ya dube ta ba. Ga abin da ya jawo shi.

Ranar Talatar da ta wuce na fito sallar La'asar da ɗan wuri, sai na tarar da samari biyu a barandar masallacinmu, ɗaya a kan tsani, ɗaya riƙe da doguwar gora. A ƙasa ga ɓaraguzan busasshiyar laka da gashin tsuntsu, ga ƴaƴan tsattsewa huɗu da ko gashi bai gama fito musu ba. Biyu sun riga sun mutu. Iyayen suna ta shawagi suna kuka, su zo daidai inda sheƙar take, su juya, su sake dawowa. Na ce, "Kai, wa ya sa ku?" Suka ce, "Malam, ai ku kuka ce a tsaftace ko'ina kafin mai fenti ya zo." Kuma gaskiyarsu. Ni na faɗa da bakina a zaman kwamiti, ban ɗaga kai na dubi abin da ke rufin ba. Saboda haka laifin ya fi rataya a wuyana, Allah Ya yafe mana.

Bayan sallah sai musu ya tashi. Wani dattijo ya ce taɓa tsattsewa haramun ne domin ita ce ababila, rundunar da ta kare Ka'aba. Wani kuma ya ce kashinta najasa ne, tana ɓata wa mutane sallah, gara a raba masallaci da ita. Na yi musu alkawarin zan koma littafi, in kawo bayani a rubuce. To ga shi.

1. WACE CE TSATTSEWA?

Abin da muke kira tsattsewa dangi biyu ne mabambanta, ko da yake daga nesa sun yi kama.

Ta farko ita ce mai gini da laka. Larabawa suna ce mata "khuɗɗaf" ko "sununu". Bayanta baƙi mai sheƙi, cikinta fari, bindinta a tsage. Za ka gan ta a jere a kan wayar wuta. Galibi da damina take gini, domin sai ta samu taɓo. Takan je bakin kududdufi ta ɗauko laka a baki, ta zo ta manna, ta koma, kusan sau 1,000 kafin ɗan ƙoƙon nan ya kammala, sannan ta shimfiɗa ciyawa da gashi a ciki. Irin wannan ce aka kakkaɓe a barandarmu.

Ta biyu Larabawa suna ce mata "samama". Fikafikanta dogaye ne, a lanƙwashe kamar lauje, ƙafafunta kuwa gajeru ƙwarai, har ba ta iya zama a kan waya ko reshe, sai dai ta maƙale a jikin bango. A sama take ci, a sama take shan ruwa ta hanyar gogar fuskar tafki tana tafe. Wadda muka fi gani a garuruwanmu ita ce mai farin ƙugu, mai yin sheƙa a cunkushe a ƙarƙashin gada da dogayen benaye da hasumiyar masallaci. Ita ba ruwanta da laka: gashi da ciyawar da iska ta ɗauko take cafkewa, ta haɗa su da yawun bakinta. Akwai kuma ƴar uwarta ta jikin giginya, wadda take manna sheƙa a bayan ganye, har ƙwan ma da yawu take manne shi don kada iska ta kayar da shi. Subhanallah. Wa ya koya mata?

Dukkansu abincinsu ɗaya: ƙwarin da ke tashi a iska, irin su ƙuda da sauro da shinge. Ba ta taɓa hatsinka, ba ta shiga rumbunka, ba ta sauka a kan shanyar matarka. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wasunsu ƴan gida ne, wasu baƙi ne. Idan sanyi ya kama a Turai, miliyoyinsu sukan tsallako teku da Sahara su zo Afirka. A Boje, cikin Jihar Kuros Riba, akwai ɗaya daga cikin manyan wuraren kwanansu a nahiyar nan. A shekarar 1911 an saka wa wata tsattsewa ɗan zobe a ƙafa a Ingila, a watan Disamba na 1912 aka same ta a yankin Natal na Afirka ta Kudu. Tsuntsuwar da nauyinta bai wuce giram 20 ba kenan. A 2016 kuma masu bincike na Jami'ar Lund da ke Suwidin waɗanda suka ɗaura wa irin mai fikafikan lauje ƴan na'urori, sun bayyana cewa takan yi wata 10 a sararin sama, wasunsu ba tare da sun sauka ko sau ɗaya ba.

2. SHIN ITA CE ABABILA?

Da yawanmu mun ɗauka kalmar "ababil" da ke cikin Suratul Fil sunan wani tsuntsu ne. Abin da malaman tafsiri, irin su Imam Ɗabari da Ibn Kasir, suka naƙalto daga magabata shi ne kalmar siffa ce: tana nufin jama'a-jama'a, garke na bin garke. Alƙur'ani bai ambaci nau'in tsuntsayen ba.

To daga ina aka samo alaƙa da tsattsewa? A cikin Sirar Ibn Hisham, a labarin Abraha da giwarsa, an siffanta tsuntsayen da cewa sun taso daga wajen teku, kuma sun yi kama da khuɗɗaf. Kama aka ce. Daga baya a wasu harsuna, kamar Turkanci da Urdu, sai kalmar ta koma sunan tsattsewa kai tsaye. Shi ya sa za ka ga bidiyo yana yawo a waya, tsuntsaye na shawagi a Harami, an rubuta wai ababila sun bayyana, alama ce ta kaza da kaza. Ƴan uwa, mu daina tura irin wannan. Tsuntsaye ne da ke zaune a ginin kamar yadda suke zaune a namu.

Haka nan camfin da wasu ke yi, wai gidan da tsattsewa ta yi sheƙa arziki na tafe, ko wanda ta ƙaurace wa tsiya ta kusa, ba shi da asali. Musulunci ya rushe camfi da tsuntsaye tun ranar farko. Ba ma buƙatar mu tsarkake tsattsewa kafin mu ji tausayinta. Kasancewarta mai rai ya isa.

3. KASHINTA NAJASA NE?

Nan ne ainihin damuwar masallata, kuma tambaya ce mai kyau.

A mazhabarmu ta Malikiyya, mashhurin zance shi ne tsuntsaye halal ne a ci. Ƙa'idar kuma, kamar yadda take a Mukhtasar na Shaikh Khalil, ita ce fitsari da kashin abin da ya halatta a ci namansa masu tsarki ne, sai fa idan yana cin najasa. Misalin mai cin najasa ita ce kazar da ke kiwo a bola da bakin kwata. Tsattsewa kuwa ko ƙasa ba ta cika sauka ba, abincinta a iska yake. Saboda haka a wajenmu kashinta mai tsarki ne. Wanda ya yi sallah da ɗigonsa a riga ko a kan darduma, sallarsa ta yi, babu ramuwa.

Hanafiyya ma suna ganin kashin tantabara da ƙananan tsuntsaye mai tsarki ne, kuma daga hujjojinsu akwai cewa Musulmi sun bar tantabaru a masallatai, har da na Makka, tsawon zamani ba tare da an yi inkari ba.

Shafi'iyya su ne suka tsananta. A wajensu kashin tsuntsu najasa ne, kuma Imam Nawawi a Minhaj ya lissafa khuɗɗaf cikin abin da ba a ci. Amma duk da haka sun ce ana rangwame a kan kashin tsuntsu a wurin sallah idan ya yawaita har kauce masa ya yi wahala, matuƙar a bushe yake kuma mutum bai taka shi da gangan ba.

Ka ga kenan, duk inda ka juya, ba a ce sallar jama'a ta ɓaci saboda tsattsewa ba.

Amma a kula: tsarki daban, tsafta daban. Cewa ba najasa ba ne ba ya nufin a bar shi ya taru yana wari. Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a riƙa tsaftace masallatai ana sa musu ƙamshi. Kuma mun san matar nan mai sharar masallaci da ta rasu aka binne ba a sanar da shi ba, da ya ji ya tafi har kabarinta ya yi mata sallah. Wanda ya ce a tsaftace bai yi laifi ba. Maganar ita ce ta wace hanya.

4. HUKUNCIN RUSHE SHEƘA

Akwai wata ruwaya da Imam Baihaƙi ya kawo mai hana kashe khuɗɗaf, amma isnadinta a yanke yake, don haka ba za mu gina hukunci a kanta ba. Abin da ya inganta ya wadatar.

Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) cewa suna cikin tafiya tare da Manzon Allah (SAW), sai ya ɗan kewaya. Sahabbai suka ga wata ƴar tsuntsuwa da ƴaƴanta biyu, suka ɗauke ƴaƴan. Uwar ta zo tana ta karkaɗa fikafikai a kansu. Da Annabi (SAW) ya dawo ya gan ta, sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali a kan ƴaƴanta, ya ce a mayar mata da su. Wallahi da na ga iyayen nan suna kai-kawo a barandarmu, wannan hadisin ne ya fara faɗo min. Shugaban halitta, yana kan hanya da jama'arsa, bai ga damuwar uwar tsuntsu ta yi ƙanƙanta da ya tsaya a kanta ba.

Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba, har ta mutu. Yanzu ka auna wanda ya toshe ramin silin da siminti alhali ƴaƴan tsuntsu na ciki, iyayen na waje da abinci a baki. Mene ne bambancin?

A Suratul An'am, aya ta 38, Allah Ya sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Masu tarihi sun kawo cewa lokacin da Amru ɗan Asi (RA) yake yaƙin Masar, ya tashi zai nufi Iskandariyya, sai aka tarar kurciya ta yi ƙwai a saman tantinsa. Ya hana a naɗe tantin, ya bar shi a kafe. A wurin ne daga baya aka gina birnin Fusɗaɗ, wanda yau yake cikin tsohuwar Alƙahira.

Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa ana gusar da cuta, amma ba a gusar da ita da wata cutar da ta kai ta ko ta fi ta. Idan muka ɗora mas'alarmu a kai, sai ta kasu uku:

Na ɗaya, sheƙar da babu ƙwai babu ƴaƴa a ciki. Idan akwai buƙata, kamar fenti ko gyara, babu laifi a cire ta.

Na biyu, sheƙa mai ƙwai ko ƴaƴa, kuma cutarwarta ba ta wuce ɗigon kashi ba. Wannan bai halatta a rushe ta ba, domin kashe rai ne saboda abin da tsintsiya take maganinsa. A jira su tashi.

Na uku, inda akwai haɗari na gaske, kamar sheƙa a kan haɗin wayoyin wuta da ake tsoron gobara, ko silin da ke shirin ruftowa kan mutane. Nan ran ɗan Adam ne a gaba. A cire, amma a yi iya ƙoƙari a matsar da ƴaƴan zuwa kusa inda iyayen za su gan su.

Yaran da ke harbin su da danƙo don wasa kawai kuwa, wajibin iyaye da malaman Islamiyya ne su tsawatar. Annabi (SAW) ya hana a mayar da mai rai abin gwajin harbi.

5. ABIN DA YA FARU DA WAƊANDA SUKA RUFE ƘOFA

Wani zai ce, Malam, sheƙa ɗaya ce fa, ga su nan birjik. To bari mu leƙa ƙasashen da su ma a da suke ganin su birjik.

A ƙasashen sanyi, tsofaffin gidaje suna da murhun ɗumama ɗaki, da dogon bututun bulo da ke fitar da hayaƙi ta saman rufi. A gabashin Amurka da Kanada akwai wata tsattsewa mai fikafikan lauje da asali a kogon manyan itatuwa take sheƙa. Da aka sare dazuzzuka aka gina gidaje, sai ta koma cikin waɗannan bututun hayaƙi, tunda da bazara ba a hura wuta. Takan karyo ƴan tsinke tana tafe, ta manna su a jikin bangon bututun da yawu. Ta saba da wurin har sunanta ya koma tsattsewar bututun hayaƙi. An daɗe ba a san inda take tafiya da hunturu ba, sai a 1944 da aka samo zobban da aka saka wa wasunsu a can ƙasar Peru, yankin kogin Amazon.

Sai zamani ya canza. Aka koma ɗumama gida da gas da lantarki, aka rushe tsofaffin bututu, aka rufe bakin wasu, aka sa wa sababbi ƙarfe mai santsi da ba ta iya maƙalewa. Ƙwarin da take ci ma suka ragu. Yawanta ya yi ta faɗuwa, har a 2018 aka saka ta a jerin halittun duniya da ke fuskantar barazanar ƙarewa. A Birtaniya ma, tsattsewar da ke sheƙa a ramukan rufi ta ragu da fiye da rabi daga 1995 zuwa yau, har yanzu ana ƙera wani bulo mai rami a ciki musamman don a saka a bangon sababbin gidaje ta samu wurin zama. Babu wanda ya tashi da niyyar ƙarar da ita. Kowa ramin gidansa kawai ya toshe.

Akwai kuma wata makarantar firamare a birnin Potland na Amurka, inda dubban irin waɗannan tsuntsaye suka riƙa kwana a bututun hayaƙinta duk watan Satumba. Shekaru da dama malamai da ɗalibai suka riƙa haƙura da sanyi suna sa rigunan ɗumi, ba a kunna murhun sai tsuntsayen sun wuce. Waɗannan ba su karanta hadisin ɗan Mas'ud ba. Mu da muka karanta fa? Alhali magabatanmu sun riga su: a Istanbul har yau akwai masallatan zamanin Daular Usmaniyya da aka sassaƙa wa tsuntsaye ƴan gidaje na dutse a jikin bangonsu.

Mu ma ginin namu yana canzawa. Soro da azara da buɗaɗɗiyar rumfa suna ba da wuri ga silin roba da gilashi. Ba laifi ba ne, amma mu san abin da muke rufewa.

6. TO YAYA ZA A YI?

- Kafin fenti ko gyaran rufi, a hau tsani a duba. Idan iyaye na shiga da fita da abinci, akwai ƴaƴa.
- Mai ginin laka takan yi kamar mako 2 tana kwanci, ƴaƴan su yi kamar mako 3 kafin su tashi. Mai fikafikan lauje ta fi daɗewa, a ba ta kamar wata 2.
- A kafa ɗan faffaɗan katako a ƙasan sheƙar, da ratar kamar kamu biyu don kada a tare mata hanya. Shi zai tare kashin, a riƙa kankarewa.
- A naɗe kafet daga daidai wurin, ko a shimfiɗa buhu a riƙa ɗaukewa lokacin sallah.
- Idan ba a son su a cikin ɗakin sallah, a jira ƴaƴan su tashi, sannan a sa raga a tagogi, a bar musu baranda da bayan gini.
- Babban gyara a ajiye shi zuwa rani.

7. RABONMU A CIKI

A Suratun Nahl aya ta 79, da Suratul Mulk aya ta 19, Allah Ya kira mu mu dubi tsuntsaye a sararin sama, mu gane babu mai riƙe da su sai Shi. Wanda ya ji labarin wata 10 a sama ba sauka, ya sake karanta ayoyin nan, zai ji su daban. Tirmizi kuma ya ruwaito daga Sayyidina Umar (RA) cewa Annabi (SAW) ya buga misalin tawakkali da tsuntsaye, masu fita da safe da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe. Lura: fita suke yi. Mai ɗauko laka sau 1,000 ba ta zauna jiran gini ya faɗo daga sama ba.

Amma darasin da ya fi taɓa ni shi ne wanda Imam Damiri, malamin Masar da ya rasu a shekara ta 808 bayan Hijira, ya kawo a littafinsa Hayatul Hayawan. Ya bayyana cewa mutane suna kiran khuɗɗaf tsuntsun Aljanna, kuma suna son ta ne saboda tana zaune tare da su amma ba ta kwaɗayin abincin da ke hannunsu. Ya haɗa wannan da hadisin da ke cikin Arba'una na Imam Nawawi, wanda ke koyar da cewa gudun duniya yana jawo son Allah, kau da kai daga abin hannun mutane kuma yana jawo son mutane.

Wannan nasiha ce gare ni kafin kowa, da ƴan uwana limamai da masu wa'azi. Mu ma a rufin jama'a muke zaune. Tantabara ana watsa mata hatsi, shi ya sa ake kama ta da hannu. Tsattsewa inuwa kawai ta nema, shi ya sa take shiga ta fita da mutuncinta. Malamin da idonsa ke kan aljihun masallata, ranar da gaskiya ta zo a kan mai aljihun, bakinsa zai yi nauyi.

Game da barandarmu: ƴaƴa biyun da suka rage mun saka su a ɗan ƙoƙo, muka ɗaure shi a daidai inda sheƙar take. Ɗaya bai kwana ba. Ɗayan iyayen sun karɓe shi, har jiya da Asuba na ga suna kai masa abinci. Kwamiti ya amince a yi fentin ko'ina a bar wannan kusurwa sai bayan damina, kuma samarin nan biyu su suka kafa katakon da hannunsu. Allah Ya yi musu albarka.

Wanda yake cikin kwamitin masallaci ko makaranta, ko yake shirin gyaran gida, ya taimaka ya isar da wannan ga abokan aikinsa. Mai gyara ko ƙarin bayani daga malamanmu, ƙofa a buɗe take.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya ji ƙanmu kamar yadda Ya umarce mu mu ji ƙan na ƙasa da mu, Ya wadata mu da halal ɗinSa daga barin abin hannun bayinSa.

Wallahu a'alam.